Simuleta da Koyon Tuƙin Jirgin Sama: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya fara bincike kan karatun tuƙin jirgin sama, ko don kansa ko don ɗansa, ba ya daɗewa sai ya ci karo da maganar simuleta. Makarantu suna tallata ta, kamfanonin jirage suna zuba mata maƙudan kuɗi, ƙwararrun matuƙa kuma ba sa rabuwa da ita har su yi ritaya. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi.

1. Mece ce simuleta, kuma me take yi?

Na'ura ce da ke kwaikwayon jirgin sama alhali tana kafe a ƙasa. Ana gina mata ɗakin tuƙi irin na jirgin gaske: kujerun matuƙa, sitiyari ko sandar tuƙi, abin takawa da ƙafa, hannun ba inji wuta, da agoguna da allunan da ke nuna gudu da tsayi da alƙibla. Kwamfuta ce ke riƙe da komai. Idan matuƙi ya ja sitiyari, sai ta lissafa abin da jirgi mai wannan nauyi, a wannan gudu, cikin wannan iska zai yi, ta nuna shi a agoguna, ta sauya abin da ake gani ta gilashi, ta fitar da ƙarar inji. In mai motsi ce, har ɗakin gaba ɗaya take karkatarwa.

A bayan matuƙa akwai kujerar malami da nasa allon. Daga nan yake zaɓar filin jirgin da za a tashi, ya mai da rana dare, ya saukar da hazo, ya kashe inji, ya kunna ƙararrawar gobara, duk ba tare da ya yi wa ɗalibi gargaɗi ba.

2. Me ya sa ba za a koyi komai a jirgin gaske ba?

Saboda abubuwan da suka fi muhimmanci matuƙi ya iya su ne abubuwan da gwada su a sama kan kashe mutane. Kafin simuleta ta inganta, kamfanoni kan ɗauki babban jirgi babu fasinja, malami ya rage wa inji wuta yayin tashi ko sauka don ya ga yadda matuƙi zai yi. An yi asarar rayuka da yawa ta wannan hanya. A ranar 30 ga Maris 1967, wani jirgin DC-8 na kamfanin Delta yana atisayen sauka kamar injinansa biyu sun mutu a birnin New Orleans na Amurka, sai ya ƙwace ya faɗa kan gidaje da wani masaukin baƙi. Mutum 19 suka mutu, 13 daga cikinsu ba sa ma cikin jirgin. A simuleta ana yin wannan atisaye kullum, in ya ɓaci malami ya danna maɓalli a sake daga farko.

Akwai kuma abin da ba ya yiwuwa ko da an yarda da haɗarin. Ba wanda zai cinna wa inji wuta a sama don koyarwa, kuma ba a yin odar guguwa. Ba a fafe gora ranar tafiya: ranar da inji ya kama da wuta da fasinja 150 a baya, ba ranar fara koyo ba ce.

Sai batun kuɗi da lokaci. Awa ɗaya a simuleta ba ta kai awa ɗaya a babban jirgi tsada ba ko kusa, ba a ƙona mai, ba a cire jirgi daga jigila. A jirgin gaske kuma, in ka sauka sau ɗaya sai ka sake tashi ka kewayo kafin ka sake gwadawa. A simuleta malami na iya mai da kai 'yan kilomitoci daga titin jirgi sau goma cikin awa guda.

3. Yaushe aka fara amfani da ita?

Tun wajen 1910 kamfanin Antoinette na Faransa ya yanka ganga gida biyu, ɗalibi ya zauna a sama, mutane suna girgiza shi da hannu. Amma wadda ta kafa harkar ita ce ta Edwin Link, ɗan garin Binghamton a jihar New York, a 1929. Mahaifinsa yana da masana'antar kayan kiɗa irin su fiyano da ogan, don haka da zugazugai da famfunan iska na wannan sana'a ya haɗa ɗan akwatin da ke juyawa da karkata. Da farko wuraren wasa ne suka fi saye.

Abin ya sauya a 1934, lokacin da aka ɗora wa sojojin saman Amurka jigilar wasiƙu. Matuƙansu ba su saba tafiya cikin dare da gajimare ba, cikin 'yan makonni da dama suka halaka. Sai rundunar ta sayi akwatunan Link guda 6. Zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera fiye da 10,000, kuma matuƙan Amurka kimanin 500,000 sun bi ta cikinsu. Abin da akwatin ya koyar shi ne dogaro da agoguna lokacin da ido ba ya ganin komai, darasin da har yau shi ne ƙashin bayan aikin. A 1948 kamfanin Pan American ya karɓi simuletar jirgin Boeing 377 daga Curtiss-Wright, daga nan kamfanonin fasinja suka shigo.

4. Duk simuletoci iri ɗaya ne?

A'a, kuma nan ne masu neman makaranta suka fi ruɗewa. A ƙasa akwai ƙananan na'urori marasa motsi, masu allo da kayan tuƙi, waɗanda ake koyon bin agoguna da hanyoyin sauka da su. A Turai ana kiran wannan rukuni FNPT, a Amurka kuma akwai BATD da AATD. Sama da su akwai FTD, wadda ɗakinta kan kwaikwayi wani samfurin jirgi, amma yawanci ba ta motsi. Can ƙololuwa sai cikakkiyar simuleta, FFS, mai matakai huɗu: A, B, C da D.

Mataki na D shi ne ƙarshe. Ɗakinta kwafin samfurin jirgi guda ne tak, har maɓallin da ke saman kai, tana motsi ta fuskoki shida, tana nuna rana da magariba da dare, tana kawo ƙara da girgizar jirgin. Simuletar Boeing 737 ba ta horar da matuƙin Airbus A320. Kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera manyan sun haɗa da CAE na Kanada, FlightSafety na Amurka da Thales na Faransa, kuma sabuwa guda takan haura dala miliyan 10. Abin da matakin na'ura ke haifarwa wajen lissafin awowi yana tambaya ta 7.

5. Ta yaya akwatin da ke ƙasa zai sa mutum ya ji kamar yana tashi?

Ta hanyar yaudarar jiki. Ɗakin yana zaune kan dogayen ƙafafu shida masu miƙewa da tanƙwashewa, da ana tura su da man haidirolik, yanzu galibi da lantarki. Tafiyarsu gajera ce, don haka ba za su iya bin jirgi ba. Dabarar ita ce, can cikin kunnen ɗan Adam sashen da ke kula da daidaiton jiki ba ya bambanta karkata da ƙarin gudu. Ka tuna yadda bayanka ke mannewa da kujera idan direba ya taka totur. Idan aka ɗaga gaban ɗakin sama a hankali, nauyinka zai koma baya haka nan, ido kuma yana ganin titin jirgi yana gudu a miƙe, sai ƙwaƙwalwa ta yanke cewa gudu ake ƙarawa. In an taka birki sai a duƙar da gaban. Bayan kowane motsi na'urar tana komawa tsakiya sannu a hankali, ƙasa da abin da jiki ke iya ji, don ta shirya wa na gaba.

Hoton ma da tasa dabarar. Ba a gilashin ake haska shi kai tsaye ba, ana bi da shi ta wani babban madubi mai lanƙwasa wanda ke sa abu ya zama kamar yana can nesa. Shi ya sa kyaftin a hagu da mataimakinsa a dama duk suke ganin titin a daidai inda ya kamata. Kafin zuwan hoton kwamfuta, katafaren allo ake ginawa da 'yan ƙananan gidaje da bishiyoyi, kyamara tana yawo a kansa. Iyakar wannan yaudara tana tambaya ta 12.

6. Me ake yi a zama ɗaya?

A kamfanonin fasinja, zama kan ɗauki awa huɗu, matuƙa biyu suna karɓa-karɓa, ban da bayani kafin shiga da bitar kurakurai bayan fitowa. Abin da kusan ba ya wucewa shi ne mutuwar inji a daidai gudun da ake kira V1, wato gudun da in an wuce shi babu sauran fasa tashi, domin titin da ya rage ba zai isa tsayawa ba. Jirgi zai fizga gefen injin da ya mutu, dole matuƙi ya riƙe shi da ƙafa, ya tashi da inji ɗaya, ya kewayo ya sauka. Sai fasa tashi kafin V1, gobara, zubewar iskar cikin jirgi wadda ke tilasta sa takunkumin iska da gangarowa da sauri, fasa sauka, kauce wa wani jirgi ko tsauni, da sauka cikin ƙarancin gani. Wannan na ƙarshe ba baƙon abu ba ne ga mai aiki a Kano ko Maiduguri ko Yamai lokacin hunturu, sa'ad da hazo ke rufe titin jirgi har sai an kusa taɓa shi.

7. Awowin simuleta suna shiga lissafin lasisi?

Suna shiga, amma da iyaka, kuma sai a na'urar da hukuma ta amince da ita, tare da malami mai izini. A ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, lasisin farko na tuƙin jirgin kai yana buƙatar awa 40, kuma abin da za a lissafa daga simuleta bai wuce awa 5 ba. Turai tana neman awa 45 da wannan rangwame na awa 5. Shaidar tuƙi da agoguna tana neman awa 40, a nan rangwamen ya fi yawa: awa 20, ko 30 in cikakkiyar simuleta ce. Babban lasisin da ake zama kyaftin da shi yana neman awa 1,500, simuleta ba ta wuce 100 a ciki. Kowace ƙasa tana da nata dokokin a kan wannan tushe: hukumar NCAA ce ke kula da su a Najeriya, hukumar ANAC a Nijar.

Ka lura da tsarin: a farkon karatu rabon simuleta kaɗan ne, domin jin jirgi a hannu da kallon waje a sama ake koyonsu. Yana ƙaruwa ne idan aka zo aikin agoguna da manyan jirage. A 2006 ICAO ta fito da lasisin MPL, mai aƙalla awa 240, wanda ake yin kaso mai yawa nasa a simuleta, ana shirya ɗalibi kai tsaye don kujerar mataimaki a wani kamfani. Har yau matuƙa suna gardama a kansa.

8. Gaskiya ne matuƙi na iya ɗaukar fasinja a samfurin jirgin da bai taɓa tashi da shi ba?

Gaskiya ne, amma ba kowane matuƙi ba. Kowane babban jirgi yana da shaidar ƙwarewa ta daban da ake rubutawa a lasisi. Gogaggen matuƙi na iya yin duk horon wannan shaida a simuleta mai mataki na C ko D, ranar da ya fara riƙe jirgin na gaske kuwa akwai fasinja a ciki, da kyaftin mai horarwa a gefensa. A dokar Turai, in mataki na D ne, sai mutum yana da awa 500 ko tafiya 100 a manyan jirage masu matuƙa biyu. In mataki na C ne, awa 1,500 ko tafiya 250.

Sabon da ya fito daga makaranta ba ya samun wannan sauƙi. Bayan simuleta sai ya ɗauki jirgin babu fasinja ya yi tashi da sauka, a Turai aƙalla sau shida, sannan ya shiga jigila ƙarƙashin kulawa har a sallame shi.

9. Kyaftin mai shekara ashirin a aiki ma yana komawa? In ya faɗi fa?

Yana komawa. Ƙa'idar ICAO ita ce a gwada ƙwarewar matuƙin jirgin haya sau biyu a shekara, wato kusan duk wata shida. Furfura ba ta ɗauke wa kowa. Dalili a fili yake: injinan zamani ba sa yawan mutuwa, matuƙi na iya gama aikinsa bai taɓa ganin haka a sama ba, abin da hannu bai maimaita ba kuwa mantawa yake yi. Wanda ya kasa ana cire shi daga jadawalin tashi, a ƙara masa horo, a sake gwada shi. In abin ya ci gaba, aikinsa na iya tafiya. Tun 2013 ICAO ta fitar da tsarin da ke ƙarfafa gina darussa kan bayanan da ake tattarawa daga ainihin tafiye-tafiye, maimakon maimaita jarrabawar da kowa ya haddace.

10. Riƙe sitiyari kaɗai ake koya a ciki?

A'a. Rabin aikin shi ne yadda mutum biyu za su yi aiki tare. Hatsari mafi muni a tarihin sufurin sama, na tsibirin Tenerife a ranar 27 ga Maris 1977, inda jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titi mutum 583 suka mutu, ba lalacewar inji ce ta jawo shi ba. Babban kyaftin ne ya fara tashi ba tare da cikakken izini ba, na ƙasa da shi sun yi shakka amma ba su tsaya kai da fata ba. Bayan wannan da wasu irinsa aka shigo da horon haɗin kai a ɗakin tuƙi. Ana shirya cikakkiyar tafiya a simuleta daga fari zuwa ƙarshe, a jefo matsala a tsakiya, malami ya yi shiru yana kallon wa ya yi magana, wa ya saurara, yaya aka raba aiki.

Wannan darasi yana da nauyi ga wanda ya tashi a gidan da ba a musu da babba. Tarbiyya ce mai kyau a zaure, amma a kujerar dama dole yaro ya iya ce wa sa'an mahaifinsa: kyaftin, mun yi ƙasa da yawa, a fasa sauka. In bai ji ba, ya maimaita da ƙarfi. Malamai suna ba da maki a kan wannan kamar yadda suke bayarwa a kan sauka.

Misalin da ake yawan kawowa shi ne jirgin United 232 a ranar 19 ga Yuli 1989. Injin wutsiya na DC-10 ya tarwatse ya yanke duk layukan haidirolik, sitiyari ya daina aiki. Cikin fasinjoji akwai wani malamin matuƙa, Dennis Fitch, wanda ya taɓa gwada sarrafa jirgi da wutar injina kaɗai a simuleta. Kyaftin Al Haynes ya karɓi taimakonsa, suka kai jirgin filin Sioux City. Ya tarwatse wajen sauka, amma fiye da mutum 180 cikin 296 sun rayu.

11. Simuleta na iya koyar da abin da ba daidai ba?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar a tsaya a kanta. Na'urar ba ta san komai ba sai abin da aka zuba mata. In bayanin ya karkace, ko darasin ya karkace, matuƙi zai fita da kuskuren a hannunsa yana ganin ƙwarewa ce. A ranar 12 ga Nuwamba 2001, jirgin American Airlines 587, ƙirar Airbus A300, ya shiga iskar da wani Boeing 747 ya bari a bayansa jim kaɗan bayan tashi daga New York. Mataimakin matuƙi ya riƙa taka abin juya wutsiya hagu da dama da ƙarfi har tsayayyen fiffiken wutsiya ya karye. Mutum 265 suka mutu. Masu bincike sun gano cewa wani darasin simuleta na kamfanin yana kifar da jirgi sosai a irin wannan yanayi, yana kuma hana kayan tuƙi amsawa na ɗan lokaci, abin da ke iya sa matuƙi ya ɗauka sai da ƙarfi ake fita.

Na kusa da mu shi ne jirgin ADC 053, ƙirar Boeing 737, wanda ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Abuja zuwa Sakkwato a ranar 29 ga Oktoba 2006. Mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu. Jirgin ya shiga juyawar iska ta bazata, wadda ke sauya ƙarfi da alƙibla cikin daƙiƙoƙi lokacin hadari. Akwai matakan fita daga cikinta da ake horarwa: a ba injina wuta gaba ɗaya, a ɗaga hanci zuwa wani mizani ba tare da wuce iyaka ba, kada a taɓa tayoyi ko ƙananan fukafukai sai an fita. Rahoton hukumar binciken haɗurra ya ɗora alhakin kan shawarar tashi cikin mummunan yanayi da rashin bin matakan yadda ya kamata, ya kuma lissafa cewa na'urar da aka yi amfani da ita wajen sabunta horon wannan darasi ba ta dace ba.

Sai Boeing 737 MAX. An sayar da shi da alƙawarin cewa matuƙin tsohon 737 ba ya buƙatar simuleta, ɗan darasi a kwamfutar hannu ya isa, alhali an ƙara masa manhajar MCAS mai duƙar da hancin jirgi da kanta. Jirgin Lion Air ya faɗi a watan Oktoba 2018 da mutum 189, na Ethiopian Airlines a ranar 10 ga Maris 2019 da mutum 157, cikinsu har da 'yan Najeriya Farfesa Pius Adesanmi da Ambasada Abiodun Bashua. A watan Mayu 2019 Boeing ya amsa cewa simuletocin MAX ɗin ma ba sa nuna ainihin nauyin da ke kan 'yar tayar da ake murɗawa da hannu don daidaita wutsiya. Da hukumar FAA ta Amurka ta sake ba jirgin izini a Nuwamba 2020, ta sa horon simuleta ya zama dole. Wanda ke da alhakin hana irin wannan yana tambaya ta 15.

12. Me ba ta iya koyarwa?

Ba ta iya danna mutum cikin kujera na tsawon lokaci yadda jirgi ke yi a juyi mai tsanani, saboda gajartar ƙafafunta da aka yi bayani a tambaya ta 5. Shi ya sa ƙasashe da yawa suke sa ɗalibi ya yi darasin farfaɗo da jirgin da ya kife a ƙaramin jirgi na gaske. Shekaru da dama kuma simuletoci ba su da sahihin bayani kan abin da babban jirgi ke yi bayan fukafukansa sun daina ɗaukarsa, don haka horo kan tsaya a bakin wannan hali. A 2009 jirage biyu suka faɗi ta wannan hanya: Colgan 3407 kusa da Buffalo a Fabrairu, mutum 50, da Air France 447 a tekun Atilantika ranar 1 ga Yuni, mutum 228. Daga baya Amurka ta wajabta a inganta na'urorin a kuma horar da wannan hali har ƙarshensa, wa'adin ya cika a Maris 2019.

Babban giɓin shi ne firgici. Wanda ya shiga simuleta ya san matsala na zuwa, ya kuma san zai koma gida. Bayan Kyaftin Chesley Sullenberger ya saukar da jirgin US Airways 1549 a kogin Hudson ranar 15 ga Janairu 2009, tsuntsaye sun kashe masa injina biyu, mutum 155 duk suka tsira, an maimaita tafiyar a simuleta. Wasu matuƙan da suka juya nan take sun isa filin jirgi. Da aka ƙara jinkirin daƙiƙa 35, lokacin da ɗan Adam ke buƙata ya gane abin da ya same shi, jirgin bai kai ba.

13. Ina da Microsoft Flight Simulator a gida. Zai taimake ni?

Zai taimaka a wasu abubuwa, zai cuce ka a wasu. Wannan manhaja, wadda ta fara fitowa a 1982, da X-Plane, da FlightGear wadda kyauta ce, suna da amfani wajen sanin agoguna, karanta taswirar sauka, bin matakai a jere, da sabawa da maganar rediyo. Akwai dandalin VATSIM a intanet inda 'yan sa-kai ke zama masu kula da zirga-zirga. Tunda da Turanci ake magana da hasumiya a tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa, kuma ICAO tana neman aƙalla mataki na 4 na iya harshen, wannan sabo ba ƙaramin abu ba ne.

Illar ita ce ɗabi'ar da ba wanda ya gyara maka. Malamai sun san ɗalibin da ya taso da wasan: idonsa na kan agoguna maimakon waje, hannunsa bai san nauyin sitiyari ba, kuma yana ganin ya riga ya iya. Awowin gida ba sa shiga littafin tashi ko ɗaya.

14. Ina ake samun simuleta a Najeriya da maƙwabta?

Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, NCAT, wadda aka kafa a 1964, tana amfani da ƙananan na'urori wajen horar da ɗalibanta, kuma gwamnati ta saya mata cikakkiyar simuletar Boeing 737NG. A Legas, kamfanin Caverton yana da ta helikwafta AW139 mai mataki na D, ƙirar Thales. Duk da haka, tunda kowane samfurin jirgi da tasa na'urar, matuƙan kamfanonin Najeriya da yawa waje suke fita duk wata shida: Addis Ababa, Dubai, Afirka ta Kudu, Turai. Da dala ake biya, ga tikiti da masauki da biza, kuma ƙarshenta kuɗin yana komawa kan tikitin fasinja. Saboda tsadar na'urorin, cibiyoyi kan yi aiki da su kusan dare da rana, ba abin mamaki ba ne a ba matuƙi zaman ƙarfe biyun dare.

15. Wa ke tabbatar da ingancinta, kuma me zan tambayi makaranta kafin in biya?

Hukumar sufurin sama ce ke ba kowace na'ura takardar shaida, ita kaɗai, da lambarta, ba wai samfurin gaba ɗaya ba. Ana gwada ta da tarin gwaje-gwaje, a kwatanta sakamakon da bayanan da aka ɗauko daga ainihin jirgin yayin gwajin tashi, sannan matuƙin hukuma ya shiga ya ji ta da hannunsa. Ana maimaita dubawa a kai a kai, yawanci duk shekara. In an yi wa jirgin gaske gyara, dole a bi na'urar da shi.

Don haka kada hoton talla ya ɗauke maka hankali. Nemi ganin takardar shaidar: wace hukuma ta bayar, wane mataki, yaushe za ta ƙare. Tambayi awa nawa na kwas ɗin za a yi a na'ura, nawa a sama, ka kwatanta da iyakokin tambaya ta 7. Tambayi ko na'urar ta yi daidai da jirgin da za ka tuƙa, ko tana aiki a halin yanzu, da abin da makaranta ke yi idan ta lalace ko wuta ta ɗauke a tsakiyar zamanka. In a waje za ka yi karatu, tuntuɓi NCAA ko ANAC tun kafin ka tafi ka ji ko za su karɓi horon wannan cibiya idan ka dawo sauya lasisi.

16. Tana sa jiri? Tabarau na zamani kuma za su maye gurbinta?

Wasu sukan ji jiri ko tashin zuciya, musamman a na'ura marar motsi mai faɗin hoto, domin ido yana ganin tafiya jiki kuma bai ji ba. Yawanci yana raguwa bayan 'yan zama. In ya taso, faɗa wa malami a dakata, kuma kada ka hau tuƙin mota sai ya sake ka.

Tabarau masu nuna duniyar kwamfuta sun fara shigowa ta ɓangaren helikwafta. A 2021 hukumar EASA ta Turai ta amince da na'urar farko irin wannan, ta ƙaramin helikwafta Robinson R22, wadda wani kamfanin Suwizalan da yanzu ake kira Loft Dynamics ya ƙera. Sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma ƙaramin ɗaki ya ishe su, abin da zai iya amfanar makarantun da ba za su taɓa iya sayen mataki na D ba. A manyan jiragen fasinja dai, inda mutum biyu ke buƙatar ganin hannun juna da taɓa maɓallai na gaske, gwajin wata shida har yanzu a cikakkiyar simuleta ake yinsa.